Lifidi Daga Ciki: Haɗa Ƙyallaye da Zaɓen Shafi a Tarihin Kudancin Damagaram

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Daura ko Damagaram ya ga ƴan lifida, su da dawakinsu a lulluɓe cikin tufa mai kauri wadda aka ƙawata da ƙyallaye ja da fari da shuɗi da rawaya. Abin da ido ke kamawa a irin wannan rana shi ne fuskar lifidin, kuma ita ce masu ɗaukar hoto da gidajen adana kayan tarihi suka fi nuna wa duniya. To amma a zamanin da lifidi yake kayan yaƙi, ba fuskar ce ke tsare ran doki da mahayinsa ba. Abin da aka cusa a ciki, da ƙyallen da aka shafe bayansa da shi, da ɗinkin da ya riƙe su wuri ɗaya, su ne ke wannan aiki.

Manufar wannan maƙala ita ce a juya lifidi a dube shi ta ciki. Za mu bi yadda ake haɗa ƙananan ƙyallaye da hannu a kan ƙyallen tushe, da dalilan da ke sa maɗinki ya zaɓi wani shafi ya bar wani, sannan mu nuna cewa waɗannan ƙananan al'amura na allura da zare suna da abin faɗa game da tattalin arziki da mulkin ƙasar Damagaram a ƙarni na 19. Hausawa kan yi gargaɗi da cewa kada allura ta tono garma. Mu kuwa a nan, abin da muke nema ke nan.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Tsauni tana cikin ƙasar Kance, kusa da Matameye, a kudancin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar Nijar da Nijeriya ta wajen Daura. Wannan yanki yana kusa da tsohuwar ƙasar Daura. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa kuma suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, daga baya suka koma ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ta haka ƙauyukan wannan yanki suka sami kansu a bakin iyaka tsakanin dauloli biyu masu gaba da juna: Damagaram daga arewa, masarautun daular Sakkwato daga kudu.

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga shekarun 1850 har zuwa 1884. Shi ne ya faɗaɗa ganuwar Zindar, ya tara bindigogi, ya sa aka riƙa ƙera igwa a cikin birni. A ƙarshen shekarun 1890 Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, har rundunarsa ta isa Gezawa. André Salifou ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1971 a kan Damagaram, M. G. Smith kuma ya yi na ɓangaren Daura a 1978. Abin lura a nan shi ne, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa Zindar da Kano ta cikin ƙasar Kance da Daura ta bi, kuma har yau titin mota ta Matameye ya ratsa. Hanyar da fatake ke bi da tufafin Kano zuwa arewa, ita ce kuma mayaƙa ke bi zuwa kudu. Manomin wannan yanki ya san lifidi ta fuska biyu: audugarsa da zaren matarsa suna iya shiga cikinsa, kuma yana iya wayar gari ya gan shi a bakin gonarsa.

3.0 Asalin Lifidi

Masana harshe suna danganta kalmar lifidi da kalmar Larabci libd, wadda ke nufin gashi ko ulu da aka danne ya zama shimfiɗa mai kauri, irin wadda ake sa wa a ƙarƙashin sirdi. Wannan ya dace da abin da aka sani na cewa manyan dawaki da kayan yaƙin doki sun shigo ƙasar Hausa ne ta arewa da gabas, wato ta Masar da Barno. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ko da an yi taka-tsantsan da shekarun da littafin ya bayar, ya nuna cewa Kanawa sun ɗauki lifidi tsohon abu ne, kuma tare da sulke suke lissafa shi.

Akwai bambanci muhimmi tsakanin waɗannan biyu. Sulke yawanci sayo shi ake yi daga waje, kamar yadda A. D. H. Bivar ya nuna a nazarinsa na 1964, saboda haka kullum yana da tsada da wuyar samu. Lifidi kuwa ɗan gida ne. Duk abin da ake bukata don yin sa, daga auduga har zuwa baba na rini, ƙasar tana fitar da shi. Wannan ne ya sa ya bazu daga ƙasar Zabarma zuwa Barno da Adamawa da Bagarmi, har bakin kogin Nilu. Littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826 yana ɗauke da zanen wani barden Sarkin Bagarmi sanye da shi, shi da dokinsa. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, ya kawo sunayen sassan da mahayi ke sawa, irin su bantan lifidi da safa da kumakumi, abin da ke nuna cewa sana'a ce mai rassa da ƙa'idoji, ba tulin tsummoki ba.

4.0 Ninki Uku

Lifidi, kamar kowace tufa mai ciko, ninki uku ne: fuska daga waje, ciko a tsakiya, shafi daga ciki. Kalmar shafi mun aro ta ne daga masu ɗinkin babbar riga, waɗanda ke kiran ƙyallen da ake bi bakin riga da shi ta ciki da wannan suna. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

4.1 Fuska

Hanya biyu ce ake bi a sami tufa mai launi daban-daban daga ƙananan ƙyallaye. Ta farko ita ce a haɗa ƙyalle da ƙyalle baki da baki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga maɗinkin Hausa, domin masaƙar maza ƙwarya take fitarwa, wato tsiri mai tsawo maras faɗi, kuma kowace riga ko zane sai an jera ƙwarya an ɗinke kafin ta zama tufa. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, ƙwaryarsa ba ta fi faɗin yatsa ba. Amma ƙwarya tana da baki biyu da masaƙi ya rufe, ba ta zarewa. Da zarar an sa almakashi an yanka ƙyalle, musamman in an yanka shi a karkace don a fitar da siffa mai kusurwa uku, to bakin nan zai riƙa zarewa, kuma zai riƙa miƙewa duk lokacin da aka ja shi. In aka haɗa irin waɗannan yankakku da yawa baki da baki, aikin yakan karkace, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, ɗinki ya riƙa ɓarkewa ta inda ya fi rauni.

Hanya ta biyu ita ce maganin wannan matsala. Sai a sami ƙyalle guda mai ƙarfi, wanda za mu kira ƙyallen tushe, a shata siffar da ake so a kansa. A ɗora yanki na farko fuskarsa na sama. A kifa na biyu a kansa, fuska da fuska, a ɗinke bakinsu tare da tushen gaba ɗaya, sannan a buɗe na biyun a danne shi, ɗinkin ya ɓuya a ƙarƙashi. Haka za a bi da na uku da na huɗu har gida guda ya cika, sa'an nan a haɗa gida da gida. Inda siffar ba ta yarda da kifawa ba, sai a kalmashe bakin yankin a bi shi da ƙananan ɗinki a kan tushen, kamar yadda ake yin maho. Amfanin wannan hanya uku ne. Na ɗaya, tushen ne ke ɗaukar ja, ba yankakkun ba. Na biyu, ana iya haɗa ƙyallaye masu hali daban, mai kauri da marar kauri, ulu da auduga, ba tare da ɗaya ya rinjayi ɗaya ba. Na uku, ƙyalle mai tsada ba ya tafiya a banza, ko guntun da bai kai tafin hannu ba yana da wurin zama.

Dalili na uku yana da nauyi a tarihinmu. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma zauna a Zindar daga Disambar 1852 zuwa Janairun 1853, ya lissafa kayan da ayarin Tarabulus ke kawowa kasuwar Kano: jan mulufi daga Turai, farin yadi daga Mancesta, alharini, takubba daga Solingen, allurai daga Nuremberg. Mulufin da ya ƙetare Sahara a bayan raƙumi ba abin da za a shimfiɗa wa doki tun daga wuya har wutsiya ba ne sai ga mai ƙarfin gaske. Amma in an yanka shi ƙanana an rarraba tsakanin fari da shuɗin gida, kamu kaɗan zai ƙawata lifidi guda. Bugu da ƙari, mulufi dannanne ne, bakinsa ba ya saurin zarewa, saboda haka ya dace da irin wannan aiki.

Wannan dabara ba ta tsaya ga wata al'umma ɗaya ba. Jibbar mabiya Mahadi a Sudan, daga 1881 zuwa 1898, farar auduga ce da aka ɗora wa mahoji masu launi, ta fara a matsayin alamar gudun duniya ta ƙare a matsayin kayan soja. Masu ɗinkin tanti na Alƙahira har yau a kan ƙyallen tushe mai kauri suke ɗora adonsu. A Amurka, tun daga shekarun 1860, mata sun riƙa ɗinka mayafan gado masu ciko ta hanyar jera siraran ƙyallaye a kan tushen akoko, gida-gida, wasu kuma a kan takarda. A jihar Karnataka ta Indiya, matan Siddi, waɗanda kakanninsu daga Afirka suka fito, suna ɗora guntaye a kan tsohon mayafi, suna farawa daga gefe suna zagayowa zuwa tsakiya. Ba lalle ne wani ya koya daga wani ba. Halin ƙyalle ɗaya ne a ko'ina, kuma duk inda tufa ta yi tsada, maɗinka kan isa ga amsa iri ɗaya.

4.2 Ciko

Abu biyu aka fi cusawa a lifidi: audugar gona da audugar rimi. Halinsu ya bambanta ƙwarai. Silin audugar rimi rami gare shi a ciki, kuma jikinsa na da santsi kamar an shafa masa kakin zuma. Shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, har Turawa suka daɗe suna cusa ta a rigunan ceton waɗanda jirgin ruwa ya nutse da su. Wannan santsi ne kuma ya sa ba ta kaɗuwa ta zama zare yadda audugar gona ke yi, saboda haka cusa ta a lifidi bai rage wa masaƙa komai ba. Aibinta biyu ne: tana kama wuta nan da nan, kuma tana zamewa ta taru wuri ɗaya. Audugar gona kuwa tana kama juna ta zauna inda aka sa ta, amma ta fi nauyi, in ta jiƙe kuma nauyin ya ninka.

Aikin ciko shi ne ya shanye ƙarfin kibiya ko sara kafin ya isa fata. A ƙasar da maharba ke shafa wa kibau dafin ƙwanƙwani, ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da doki, don haka duk inda ciko ya zame ya bar fili, nan ajali zai shiga. Abin da ke hana shi zamewa shi ne ɗinkin da ke ratsa ninki ukun, layi-layi kusa da juna, yana raba cikon ɗaki-ɗaki. In layukan sun yi nisa da juna, ciko ya tattaru a ƙasa. In sun matsu da yawa, lifidin ya daskare ya rasa taushin da ke tare kibiya, doki kuma ya kasa sakin ƙafa. Gwanintar maɗinki tana cikin sanin tsakaitawa.

4.3 Shafi

Shafi shi ne ninkin da ba mai gani, kuma shi ne ya fi shan wahala. Shi ke gugar jikin doki a kowane taku, shi ke shan gumi, a kansa kuma kowane zaren ɗinki yake ƙullewa. Idan ya yage, ciko ya zube, fuska komai kyanta ta zama zane kawai. Za mu iya taƙaita abin da ake nema ga shafi cikin sharuɗɗa biyar.

Na farko, saƙarsa ta zama a matse, don kada silin ciko ya riƙa fitowa ta tsakanin zare, kuma kada ƙullin ɗinki ya ratsa ya fice. Na biyu, kada matsin ya kai inda allura za ta kasa shiga, domin mai ɗinkin hannu sau dubbai zai soka ta cikin ninki uku. Na uku, ya zama mai shan gumi da bushewa, ba mai santsi ba, domin shafi mai santsi zai sa lifidin ya riƙa zamewa a bayan doki. Na huɗu, kada ya zama mai zuba. Baƙin Kura da aka buga da shuni yana barin launinsa a jikin mai sanye da shi, abin da ake so ke nan a rawani, amma shunin da bugun kuɗi ne da za su tafi a banza in aka ɓoye su a ciki. Na biyar, ya zama ya gama shan ruwansa, wato an wanke shi ya tsuke iyakar tsukewarsa kafin a ɗinka, in ba haka ba ranar da ya fara jiƙewa zai ja fuskar ta tattare.

Idan muka auna tufafin da ke kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19 da waɗannan sharuɗɗa, farin saƙar gida na zare mai kauri shi ya fi cika su. Alharini da tsamiya da karan-miski sun fi shi daraja, amma sun gaza a ƙarfi ko a araha. Yana da wata fa'ida kuma: tun da ƙwarya-ƙwarya aka haɗa shi, in ya tsage tsagar takan tsaya a bakin ƙwarya ta gaba, kuma ana iya farke wadda ta lalace a mayar da sabuwa. Tsohon zanen da ya sha wanki ya yi laushi ya dace da zama tushen fuska, amma bai isa zama shafi ba. A nan ma'aunin daraja ya juye. A babbar riga, alharini mai tsada ake sawa a shafi domin ya leƙo idan mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa. A lifidi kuwa, baƙon ƙyalle mai tsada yana waje yana shelar arzikin sarki, na gida mai araha yana ciki yana tsare rai.

5.0 Hannuwan da Suka Yi Aikin

Kafin lifidi guda ya hau doki, sai ya bi ta hannun manomin auduga, da matan da suka gurje ta suka shiɓe suka kaɗa da mazari, da masaƙi, da marini a bakin karofi, da mabugi, da maɗinki, da baduku mai yin maɗaurai, da maƙerin da ya yi kwalkwali. A cikin waɗannan, kaɗi ne ya fi cin lokaci, domin sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya sami abin aiki. Mata ne ke wannan aiki a cikin gidaje, ƴaƴa da bayi. Barth ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, kuma Philip Shea (1975) da Colleen Kriger (2006) sun nuna irin faɗin wannan sana'a da yadda ta dogara da ƙauyuka. Lifidi reshe ne na wannan babbar bishiya.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƴan lifida ba su da yawa a kowace runduna. Ban da kuɗin tufar, sai an sami ingarman da zai iya ɗaukar nauyinta, da dawar da za a ciyar da shi, da barorin da za su ɗauki kayan zuwa bakin daga. Galibi sarki ko babban hakimi ne ke mallakar kayan, ya ba bayinsa da barorinsa su sa, kuma a wasu fadodi har sarauta ake naɗawa mai suna Lifidi domin shugabancinsu. Ke nan yawan lifidan da sarki ya iya fitarwa ma'auni ne na yawan gumin talakawa da bayi da ya iya tarawa. Wanda ya ƙirga ƙwaryar da ke cikin shafin lifidi guda, ya auna tsawonta, ya san kwanakin da mai kaɗi ke yi kafin ta cika mazari, zai iya kusantar wannan lissafi da alƙalumma.

6.0 Lifidi a Fagen Fama

Tarihin ƙarni na 19 ya nuna ƙarfin lifidi da iyakarsa. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da manyan dawaki da ƴan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba, amma maharbansu suka yi nasara. Duk da haka, da daular ta kafu, sarakunanta sun koma ga lifidin da suka kayar. A 1826 Hugh Clapperton ya ga ƴan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin da aka kai wa Gobirawa a Konya. Ya bayyana cewa sai mutum biyu sun taimaka kafin barde ya hau, kuma a gabansa harsashin wata bindiga daga cikin gari ya ratsa lifidin na gabansu ya kayar da shi. Wannan labari ya taƙaita al'amarin: tufar da aka tsara don kibiya da mashi da takobi ba ta da amsa ga dalma.

Abin da ya jinkirta mutuwar lifidi shi ne, bindigogin wancan zamani ba su da yawa, ɗura su na ɗaukar lokaci, kuma baka da kibiya su ne makamin yawancin dakaru har ƙarshen ƙarnin. Shi ya sa Damagaram ta Tanimun ta riƙe dawakinta tare da bindigoginta. Bindiga mai ɗurin baya ce ta rufe babin. A ranar 2 ga Satumba 1898 sojojin Ingila suka karya rundunar Halifa Abdullahi a Omdurman, kuma lifidin doki mai ƙyallaye kala-kala da cikon rimi daga Sudan ta wancan zamani yana ajiye yau a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. A Yulin 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shiga Zindar. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Cikin shekara biyar lifidi ya tashi daga aiki tun daga Nilu har Kwara.

7.0 Bayan Yaƙi

Lifidi bai ɓace ba, ma'anarsa ce ta sauya. Masu mulkin mallaka sun so hawan dawaki a bukukuwansu, kamar hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. A Nijar, barden Zarmakoy na Doso cikin lifidansu sun zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sanin ƙasar da su. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. A duk waɗannan, kallo ake yi, ba harbi ba. Tufar da ba za ta gamu da kibiya ba, ba ta bukatar ciko mai tsari ko shafi mai ƙarfi irin na da, saboda haka hankali ya koma kan fuska.

A lokaci guda kayan aikin ma suka canza. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akoko da atamfa suka cika kasuwa, keken ɗinki ya shiga hannun teloli, gyaɗa ta zama amfanin sayarwa a ƙasar Kance da Magarya, daga baya gwanjo ya zo, katifar soso kuma ta kori ta rimi daga ɗakuna da yawa. Dabarar ninki uku ta saura a wurare masu ƙanƙan da kai: a kayan sirdi, a akumarin jaki, a matashin kai, da shimfiɗun da ake haɗawa da guntayen da suka zuba a ƙarƙashin keken tela. Mai yin akumari ba ya kiran kansa magajin masu ɗinkin lifidi, amma tambayoyin da yake amsawa da hannunsa su ne nasu: me za a cusa, me zai taɓa jikin dabba, ina za a soka allura.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, muna ganin shafi da tushe sun cancanci a ɗauke su a matsayin hujjar tarihi, daidai da takardar Ajami ko waƙar fada. Fuskar lifidi ana sabunta ta duk lokacin da ta koɗe, amma abin da ke ciki yakan daɗe ba a taɓa shi ba. Manazarta mayafan Amurka sukan gane shekarun mayafi ta takardun jarida da aka bari a ciki a matsayin tushe. Mu ma muna da alamomi makamantan waɗannan. Zaren mazari ya bambanta da na inji. Ɗinkin hannu ya bambanta da na keke. Rinin kanti bai wanzu ba kafin 1856, shuɗin kanti mai kwaikwayon baba kuma sai a 1897 ya shiga kasuwa. Akoko kan zo da hatimin kamfani a bakinsa. Faɗin ƙwarya da yanayin saƙa suna iya nuna yankin da aka saƙa ta.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawarar su nemi izinin duba tsofaffin lifida da ke fadodi da gidajen sarauta na Damagaram da Kance da Daura, da na gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, su juya kowanne, su rubuta amsar tambayoyi shida: da me aka yi shafin, ƙwarya nawa ce kuma mene ne faɗinta, me aka cusa, tazarar da ke tsakanin layukan ɗinki, ko fuskar a kan tushe aka ɗora ta ko baki da baki aka haɗa, da kuma inda aka yi maho, domin maho na iya zama shaidar rauni. Sa'an nan su zauna da dattawan maɗinka da dukawa da tsofaffin mata masu kaɗi a Tsauni da ƙauyukan da ke kewaye da ita, su ɗauki sunayen ɗinki da na ƙyallaye daga bakinsu, da Hausar wurin. Aikin yana da gaggawa ta fuska biyu: asu da gara suna cin tufa, shekaru kuma suna ɗauke masu sani. An rubuta sunayen sarakunan da suka ja runduna ta wannan hanya, da na garuruwan da suka ci. Hannuwan da suka tufatar da rundunar kuwa, a cikin shafi suka bar sa hannunsu, kuma can ya kamata mu je mu karanta.